Wa Ke Gaban Sani?

Bana shekara goma ke nan da rasuwar Inna. Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta. Shekara goma, amma har gobe in na shiga gidanmu na Anka sai na rage murya tun daga zaure, ni da duk kasuwar Gummi ta san in na yi dariya sai jakunan Bukkuyum sun amsa.

Sunana Lawali, dillalin babura. Sunan kaɗai ya gaya muku ni ne ɗan fari, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna Bafillatana ce daga Nasarawa Burkullu, aure ya kawo ta Anka, ta taho da fulakonta cike da ƙwarya, ko ɗigo bai zube a hanya ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi mai wasa, ba ta kallon shi ido da ido. Wasu matan suna yin wagga kunya shekara biyar su gaji. Inna ta riƙe ta awa aikin gwamnati, ba hutu, ba ritaya.

Ana yaye ni anka kai ni wurin kakata a Nasarawa Burkullu, sai da na isa shiga makaranta na dawo. Tun daga ranar, sunana a bakin Inna "wancan". In tuwo ya sauka ina zaune gabanta, sai ta dubi akuya ta ce, "A gaya ma wancan tuwo na hucewa." Wallahi akuyar gidanmu ta fi ni samun hira da uwata. Akwai shekarar da na faɗi da babur na karye a ƙafa, anka kwantar da ni tsakar gida. Ta zo ta wuce, ta ce ma turmi, "Wasu dai ba su jin magana." Turmi bai ce komai ba, ni ma haka.

Na mai da abin raha, don da raha nike ci. A teburin mai shayi nakan ce ni kaɗai ne mutumin da uwarsa ta haifa ba tare da sun gaisa ba. A yi ta dariya. Amma akwai tambayar da ban taɓa sa ta cikin raha ba. Ƙanena Sani, wanda ke bi na, shi ta ke kira da baki cike, shi ta ke aike, shi ke zama bakin gadonta. Bayan Baba ya rasu, Sani ke riƙe da gida, ni ina Gummi ina bin babura. To in an ce Inna ta lissafa ɗiyanta a zuci, ina ciki? Ko kuwa tun ranar da anka kai ni ƙauye ta cire ni? Ba wanda zan tambaya. Inna ba ta ƙirga ɗiya ma sam. Takan ce ɗiya da shanu ba a faɗin yawansu, mai faɗi yana kiran ragi.

Sai ga ƙidayar jama'a ta dubu biyu da shida. Waɗanda sunka gan ta sun tuna: bazara, rana awa ta faɗo, an ce kowa shi zauna gida, masu ƙidaya na yawo da jaka da alli, duk wanda anka ƙirga a shafa mai tawada a babban yatsa. Ina Gummi sai ga saƙon Sani ta bakin wani direba: kada in kuskura in bari a shafa mini tawada a Gummi, in taho gida. Na ce to, siyasa ta motsa, mutanen Anka na son ƙara yawansu ko da da dillali guda ne. Na ɓoye yatsana cikin aljihu awa wanda ya saci goro, na bi ta hanyoyin shanu da babur, na iso Anka kamar an tono ni. Na tarar da malaman ƙidaya biyu zaune a zaurenmu, ƙwaryar fura gabansu. Sunka yi mini tambayoyi, sunka shafa mini tawada, sannan anka bi sauran mutanen gida. Inna na bakin ƙofa ta ba ni baya. Na ce, "Inna, ina wuni?" Ta ce ma ƙyaure, "Lahiya lau." Shi ke nan abin da na sani game da ranar. Daminar shekarar Inna ta kwanta ciwo, kafin a yanke gero ta cika. Ba ta bar mini kalma ba, ni ma ban sa rai ba.

Abin da ya tono zancen bana, ɗiyata ce ta fari, wadda nike kira Malama. Tana karatun tarihi a Gusau, anka ba su aikin kowa shi binciko salsalar gidansu. Yarinyar nan in ta kama abu, ko kaska ta san ta samu uwar ɗaki. Ta zaunar da tsofaffin Anka ɗaya bayan ɗaya, har wani tsoho ya riƙa ɓuya a bayan rumbu in ya ji sallamarta. Ta gano kakan kakanmu maƙeri ne, ni da nike gaya ma mutane jinin mayaƙa gare mu. Sannan ta ce a ƙasashen waje mutane na neman kakanninsu cikin takardun ƙidaya, ita ma za ta nemi namu, ta ga wa da wa ke gidan a shekarar waccan ƙidayar, kuma wa anka rubuta mai gida.

Na yi dariyar yaƙe. Na ce, "Malama, ki bar wahala, Sani za ki gani."

Ta tafi ofishin masu ƙidaya. Sunka karɓe ta da mutunci, sunka ce sunayen mutane amana ne, ba a buɗe ma kowa, sai dai jimillar gari. Ta dawo ba ta karaya ba. Ta ja ni ƙofar zaurenmu ta nuna mini sama, ƙarƙashin azara, inda ruwa ba ya bugu. Lambar da masu ƙidaya sunka rubuta da alli tana nan, ta dushe amma ana ganinta. Sani ya ce Inna ce ta hana a shafe wurin, shi kuma duk yaɓen da anka yi tun bayanta sai ya sa a kewaye shi. Malama ta ce, "To wa ya rubuta?" Sani ya ce Malam Ummaru ne, wanda ya koyar a firamaren Anka, yanzu ya yi ritaya ya koma garinsu Bukkuyum. Ta ce in takarda ta ƙi magana, mai rubutun yana da baki.

Hanya yanzu ba kamar da ba, kowa ya sani, sai da rana tsaka munka kama ta, ina tuƙi Malama na baya tana yi mini faɗan gudu. Munka sami Malam Ummaru ƙarƙashin dalbejiya yana gyaran rediyo. Ina faɗin gidanmu sai ya aje rediyon ya kama dariya har da tari.

"Kai ne Wancan?" in ji shi.

Na ce, "Malam, har Bukkuyum sunan ya iso?"

Ya ce, "Iso? Saura ƙiris shi shiga takardar gwamnati! Zamna, Alhaji Wancan, in ba ka labari."

Ga abin da ya gaya muna, Malama na ɗauka da waya. Ya ce da sunka zo gidanmu shi da abokin aikinsa, wani saurayi ɗan kudu mai bautar ƙasa wanda Hausarsa ba ta wuce ta sayen ƙosai ba, Sani ya fito zai ba da bayani a matsayin mai gida. Sai murya ta fito daga bayan ƙyaure: "Sani, koma. Gidan ga na da mai shi." Malam Ummaru ya ce, "Inna, mi ne sunan mai gidan?" Ta ce, "Wancan." Ɗan kudu ya duƙa da fensir ya rubuta Wancan, harafi bayan harafi, har yana tambaya ko da sunan uba.

Malam ya ce ya gane inda matsalar take, amma aiki aiki ne, sai mai ba da bayani ya faɗi suna da bakinsa. Ya lallashe ta, ya ce gwamnati ce ke tambaya. Ta ce gwamnati ba ta da ɗan fari ne? Sani ya buɗe baki zai faɗa, ta ce in ya sa baki a zancen manya sai ta saɓa mai. Can da ta ga malamin ba shi da niyyar tashi, sai ta ce, "Kai ba malamin makaranta ba ne? Wanga da ka gani sunan shi Sani. To wa ke gaban Sani?"

Malam ya ce, "Lawali."

Ta ce, "Kai ka hwaɗa, ba ni ba. Rubuta."

Anka goge Wancan anka sa Lawali. Sai wata sabuwa: doka ta ce wanda ke nan kaɗai a ka ƙirga, ni kuwa ina Gummi. Malam ya ce to bari a ƙirga na gida, shi a ƙirga shi can. Inna ta ce ba yatsan da za a shafa ma tawada a gidan nan, daga nata har na jinjiri, sai an fara da na gaba. In ba haka ba su tsallake gidan, gwamnati ta ɗauka kango ne. Sunka tafi sunka gama layinmu sunka dawo, ta aiko musu fura. Sunka sake tafiya sunka dawo, fura. Malam ya rantse ɗan kudun nan sai da wandonsa ya matse shi. Ya ce, "Duk gidajen da na shiga a ƙidayar nan, mata na ɓoye ɗiya don kada a ƙirga su. Uwarka kaɗai ta tsare ma'aikatan gwamnati don a ƙirga nata, kuma a sa shi a layin farko."

Ni da ba a raba ni da dariya, sai ga ni ina share ido da hannun riga. Na ce hayaƙin babur ne ya shige mini ido. Malama ta ce, "Baba, ai an kashe babur tun ɗazu." Malam Ummaru ya ce ta ƙyale ni, baburan Gummi haka suke, hayaƙinsu na daɗewa.

Tun ranar nike tunanin mi Inna za ta ce da zamanin nan. Yanzu uwa na tsaye tsakiyar kasuwa tana ƙwala ma ɗanta na fari kira da cikakken suna har da na makaranta, ta ɗauki hotonsa ta watsa ma duniya ta waya. Na san da ta gani sai ta ja mayafi ta ce ma turmi duniya ta lalace. Ni ban ce ta lalace ba. Yaron da anka kira da suna ba zai kai shekara hamsin yana tambayar kansa abin da na tambayi kaina ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ina son yaran su san irin matan da sunka haife mu. Macen da ba ta taɓa shiga aji ba, ita ce ta sa malamin makaranta ya amsa tambayar aji ɗaya, ta kiyaye kunyarta, ta kuma sa anka rubuta abin da take so. Ni dillali ne, na san gwanin ciniki in na gan shi. Duk wayon da nike taƙama da shi a kasuwar Gummi, ashe ragowar nata ne na lasa.

Takardar tana can inda anka aje ta, wataƙila sai jikokin Malama za a bari su buɗe. In sun buɗe za su ga Lawali a sama, da ɗan duhun gogewar fensir a ƙarƙashinsa, ba za su san mi anka goge ba sai in wani ya gaya musu. Shi ya sa na rubuta wannan. Allin zaure kuwa na gaya ma Sani ko gidan za a rushe a sa siminti, a yanke mini wurin in tafi da shi.

Da munka dawo Anka, Malama ta shimfiɗa babbar takardar da ta zana salsalar gidanmu, maƙeri a can sama, rassa na saukowa. Gurbi guda ta bari fari. Ta ce, "Baba, kowa Inna yake ce mata. Mi ne sunanta na yanka?"

Yarinyar ta sani sarai. Sunan ne na raɗa mata ranar da ta cika kwana bakwai, shi ya sa tun tana cikin zane ban taɓa kiranta da shi ba: ga ta ɗiyar fari, ga ta mai sunan uwata. So take ta ji shi a bakina, tana murmushi tana kaɗa biro.

Na dubi akuyar da ke ɗaure a gindin turmi, jikar waccan ta dā. Na ce, "A gaya ma wasu su duba katin makarantarsu."

Ta faɗi sunan da ƙarfi, har Sani ya leƙo daga ɗaki.

Na ce, "Ke kinka faɗa, ba ni ba. Rubuta."