Mangwaron Tsohon Maƙwabcinmu

Makon jiya na ɗauko zarto zan rage reshen da ke gogar tagarmu, sai maƙwabciyata Baturiya ta leƙo ta saman shinge ta ce in dakata. Wai a wannan ƙauyen na Ingila doka ce ke gadin bishiyar, ko reshe ɗaya ba a taɓawa sai an rubuta wa hukuma ta yarda. Na riga na ɗan ƙarce bishiyar, ƙanshin ɗanyen itace ya bugi hancina, sai ga ni a unguwar Taman Melati ina 'yar shekara goma.

A can Kuala Lumpur na tashi, Babanmu yana koyarwa a jami'a. Shekarar da aka haifi autarmu, Kaka ta zo daga Kano jego, a lokacin da ruwa ke sauka kullum bayan la'asar. Ba ta jin Turanci balle Malayanci, don haka ni ce bakinta, ni ce kunnenta. Kuma ku yarda da ni, kaina ya kumbura da wannan muƙami.

Da ta ga idon Umma ya yi rawaya, ta ce shawara ce, sai sassaƙen mangwaro. Akwai bishiyar mangwaro ɗaya a bakin shingen wani tsoho maƙwabcinmu, wanda kullum da safe yake share ƙarƙashinta.

"Je ki roƙi mai ita tukuna," in ji Kaka. "In ya yarda, gefe ɗaya za ki sassaƙa, ki shafe wurin da ƙasa. Itace ma rai gare shi."

Na je har ƙofarsa, kunya ta hana ni sallama. Na dawo na ce, "Ya ce boleh, wato ya yarda." Daga nan kullum sai in faki idonsa in ya tafi masallaci in je da wuƙa. Gefe ɗaya ya ƙare, na koma wancan, har na zagaye gindin tas. Ƙasar ma ban taɓa shafawa ba, sauri nake kada a kama ni.

Bayan wasu watanni ganyen bishiyar ya bushe ya zube. Wata safiya tsohon ya yi sallama a gidanmu, Baba ba ya nan, Umma na barci. Bai ɗaga murya ba. Ya ce marigayiya matarsa ce ta dasa ta, yana so kawai ya san ko mun ga wanda ya yi wannan aiki.

"Me yake cewa?" Kaka ta tambaye ni.

"Barkar haihuwa ya zo yi," na ce.

Kaka ta washe baki, ta ƙullo masa dambun nama, ta ce in yi masa godiyar maganin da ya ba mu. Ni kuwa na ce masa Kaka ta ce ba mu ga kowa ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya dube ni ya daɗe, ya tafi. Har yau in na tuna kallon nan sai in ji kamar in nutse.

Yanzu maigidana yana ta mita, wai reshe ɗaya sai an cika takarda an jira makonni. Ni na cika ta. Kaka ba ta da hukuma ba ta da takarda, amma dokar nan ita ta fara ba ni. Ta rasu tana sa tsohon nan a addu'a, tana cewa mutumin kirki ne, ya ba ta magani bai ko tambayi dalili ba.