Ranar da aka zo duba filin ƙwallonmu aka tarar da masara

"Ina filin yake?" in ji jami'in da aka turo mana, takunkumi a haɓa, fom a hannu.

Na ce, "Yallaɓai, a tsakiyarsa kake tsaye." Masara ta kai masa kafaɗa.

Lokacin korona ne. An hana taro, aka ce gwamnati za ta tallafa wa ƙungiyoyin wasanni. Ni ne kocin matasan unguwarmu a Damari, na cike fom tun kafin ruwan farko. Su kuwa masu dubawa, saboda tsabar gaggawa, sai da damina ta raba suka iso.

Filin na aro ne. Da mai shi, Baba Ilu, ya ga wata biyu ba a buga ƙwallo ba, sai ya sa shanun huɗa. Sandunan raga ma bai bar su zaman banza ba, kabewa ya ɗora musu.

Jami'in ya dubi Baba Ilu da ke tsaye a gefe ya ce, "Baba, wannan ai gona ce. Ku nemi sashen noma."

Baba ya ce, "Ɗan nan, su suka riga ka zuwa. Da suka ga raga suka ce hilin ƙwallo ne, ba a ba shi taki."

Mutumin ya rubuta babu fili. Baba ya karya masa ɗanyar masara, ya cika masa but ɗin mota, mutumin ya tafi yana godiya.

Har yau filin gona ne, matasan a gefen titi suke wasa. Tallafi kam an bayar, sai dai mu muka bayar.

Ku a garinku, wa ya tallafi wa?