Dogo Tela da Rigunan da Ya Yi Ta Rage Wa Tsawo

Haihuwa da Koyon Sana'a

An haifi marigayi Dogo Tela a shekarar 1958, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, ga mahaifi direba da mahaifiya ungozoma. Bayan firamare aka kai shi shagon kawunsa ya koyi ɗinki, kuma a nan ya samu laƙabinsa, domin sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagon.

Aure da Iyali

Ya buɗe shagonsa a 1982, ya yi aure a 1984 da wata malamar makaranta mai kaifin ido. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, ta ƙarshen ta zo a 2007, lokacin da kowa ya ɗauka an rufe ƙofa.

Jinya

A 2010 ciwon baya ya matsa masa, rigunansa suka fara sharar ƙasa. Maimakon asibiti, bawan Allah sai ya hau keken ɗinki ya rage musu tsawo. Sau uku yana haka a ɓoye, yana ɗora laifin a kan yadi, har Malama ta lura ya daina sunkuyawa a ƙofa, ta tasa shi gaba sai asibiti.

Hoto ya nuna ƙashin bayansa ya zaizaye ya danƙare, sauran ƙasusuwan kuma da ƙananan huji kamar yadin da asu ya ci. Wannan zaizayar ce ta sa likita ya nemi gwajin jini da na ɓargo, aka tabbatar da kansar ɓargo mai suna mayeloma. Dogo ya tsorata ƙwarai, ba don kansa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Likita, autata shekararta uku. Zan kai ta makaranta da ƙafata?" Likita bai yi alkawari ba, ya dai ce a bar ɗaukar kaya, a riƙe magani.

Aka haɗa masa maganin cutar da allurar ƙarfafa ƙashi, ana sake hoto lokaci-lokaci don a ga ko zaizayar ta tsaya. Ya sha wuya, ya yi mita ba kaɗan ba, amma bai taɓa fashin allura ba. A 2012 ya koma shago, abokai suna tsokanarsa da Tsohon Dogo, yana ramawa.

Rasuwa

Ya rasu a 2021 yana da shekara sittin da uku, aka yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi kusa da kawunsa. Allah ya jiƙansa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Babba, wanda ya gaji shagon, da Injiniya, da Nas mai aikin ɗaukar hoton ƙashi, sai Auta, 'yar aji biyu a sakandare, wadda ya raka ƙofar firamare da ƙafarsa, ya kuma raka ta ƙofar sakandare, akwatinta a hannun yayanta, hannunta a cikin nasa.