"Da Sauƙi" a Fayil na Ashirin da Bakwai

Anti Biro muke ce mata a wajen aiki, don ban taɓa ganinta ba tare da baƙin biro maƙale a wuyan riga ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana nas kafin a damƙa mata cibiyarmu, 'yan ɗakuna uku a bayan asibiti inda ake gwajin wani sabon maganin hawan jini. Ni ce mai ɗakin magani, nawa in ƙirga ƙwayoyi in miƙa wa mutum kwalbarsa. Ita kuwa komai a kanta yake: takardun amincewa, ranar dawowar kowa, firijin ajiye jini, da fayil arba'in da biyu na mutanen da suka yarda a gwada maganin a jikinsu.

Mace ce mai fargaba, irin wadda za ta kulle ƙofa ta kai bakin titi ta dawo ta murɗa ta gani. Ba ta goge kuskure. Layi ɗaya take ja a kai, ta rubuta daidai a gefe, ta sa kwanan wata da hannu. Mijinta ya taɓa nuna mana takardar cefanen gidansu, an soke "albasa" an sa hannu a gefe. Muka yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Shi ya sa abin da ya faru ranar Litinin ɗin nan ya tsaya mini a rai. Wata mai duba takardu ta zo daga kamfanin da ya yi maganin, ta wuni tana buɗa fayil ɗaya bayan ɗaya, sannan ta cire tabarau.

"Sista, aikinki tsaf. Sai dai wata huɗu, mutum arba'in da biyu, shafin ƙorafi wayam. Ko mura babu wanda ya yi?"

"Kullum ina tambayarsu," in ji Anti.

"Me kike ce musu?"

"Ina cewa, ya jiki?"

"Su ce me?"

"Su ce da sau..."

Ba ta ƙarasa ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin su. Wa ya taɓa amsa "ya jiki" da wani abu ban da "da sauƙi"? Wanda ake riƙe wa kai a gadon asibiti ma haka zai ce maka.

Nan take ta ɗauki waya ta shiga kiran mutane ɗaya ɗaya. Wannan karon babu ya jiki. Kin yi amai? Kana jin jiri? Sai ga ƙorafi yana ɓullowa, ƙanana dai, ciwon kai da tari. Mutum ɗaya ne bai ɗauka ba, mai fayil na ashirin da bakwai, wani dattijo tela. Shi ne kuma wanda gwajin hantarsa na makon jiya ya ɗan hau, har likita ya ce a maimaita in ya dawo. Kira bakwai ta yi, ina ƙirgawa.

Da gari ya waye muka ɗauki motar cibiya muka nufi shagonsa, a layin masu ɗinki da ke bayan tasha. Tun da muka taso danna biro kawai take yi, har na ji kamar in fizge shi in jefar ta taga. Mun tarar da keken ɗinki a rufe da ƙyalle, shi kuma yana kwance a benci, idanunsa sun yi ɗorawa shar.

"Baba, ya jiki?" Bakinta ne ya riga ta.

"Da sauƙi, 'yata."

Ta ciji leɓe, ta durƙusa a gabansa. Tambaya ta bi tambaya. Fitsari ya koma kalar shayi, abinci ba ya shiga, jiki na ƙaiƙayi, yau kusan mako uku.

"Haba Baba! Ka zo wurina a cikin kwanakin nan. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ai ba ki tambaye ni ba, 'yata. Gaishe ni kika yi."

Ya ciro kwalbar daga aljihu ya miƙo mini yana murmushi. "Na safe ma na sha. Na yi muku alkawari ba zan tsallake ko ɗaya ba." Ni ce kullum nake yaba masa, ina cewa da ma kowa kamar Baba. Kunya da tsoro suka haɗe mini, na kasa haɗa ido da shi.

Aka kwantar da shi, aka dakatar masa da maganin. Anti ta aika rahoto kafin a tashi aiki, sannan ta jawo fayil ɗinsa. Wuri huɗu ta rubuta "babu ƙorafi" da hannunta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jan layi, tana sa kwanan wata. Layukan sun fito a karkace, abin da ban taɓa gani a aikinta ba.

Yau kwanansa shida a gado. Kullum da safe sai ta fara biyawa ta wurinsa, har 'yarsa da ke jinya ta tsegunta mini cewa nas ɗin nan ba ta iya gaisuwa ba, daga shigowa sai tambayar fitsari.

Ɗazu muna tsaye a baranda likita ya fito daga ɗakin, sabon sakamakon gwajin hanta a hannunsa. Anti ta sha gabansa.

"Likita, ya jikin nasa?"

"Da sauƙi," ya ce, ya yi gaba abinsa.

Na sauke numfashi, har na fara godiya ga Allah. Da na waiga sai na ga ta yi tsaye ƙiƙam. Can sai ta bi bayansa da sassarfa.

"Likita, don Allah tsaya. Ba ni takardar in gani."