Ragon Inna Zalika

A unguwar gabas ta Bazaga, in kaza za ta shiga tukunya sai an aika wurin Munkaila. Ba mahauci ba ne, ba kuma malami ba. Amalanken jaki gare shi, yana kai gero da harawa kasuwar Ƙwanni. Amma mazan unguwar sun saba tafiya cin-rani, mata kuwa ba sa yanka, shi ko kullum yana gari da wuƙarsa mai naɗewa a aljihu. Mahaifinsa ma haka ya yi wa unguwar. In Munkaila ya ce abu ya yanku, ba mai sake tambaya.

Aibinsa ɗaya, wuƙar nan ita ce komai nasa. Da ita yake ɓalle murfin gwangwani, da ita yake zaro ƙusa, da ita yake ƙwaƙule dutse daga kofaton jaki. Bawa maƙeri, wanda ke wasa masa ita, ya sha ce masa, "Kai dai da ƙasa na da murhi, da wagga wuƙa za ka buɗe ta." Munkaila sai ya yi dariya.

Wata rana bayan girbi, yana dawowa daga kasuwa, tayar amalankensa ta sace. Ya tura wuƙar tsakanin roba da ƙarfe, ya danna har tayar ta fita, ya yi faci, ya naɗe wuƙar ya jefa aljihu bai duba ba.

Yana isa gida bayan la'asar ya ji ana kiransa ta kan darni. Inna Zalika ce, tsohuwar maƙwabciyarsa, wadda 'ya'yanta maza duk suna Abijan. Ragon da ta shekara tana kiwo ya tsinke ya ci gyauron dawa, cikinsa ya kumbura, ga shi kwance yana kumfa.

"Baban Nasiba, yi hanzari, kar shi tahi mushe."

Ya gyara ragon ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa. Ko gashi ba ta ɗauke ba. Kaifin ya lanƙwashe, bakinta duk giɓi. Ya sake ja, ya ƙara. Ya ce a miƙo wuƙar girki, kafin ta zo ya ji wuyan ya saki a hannunsa. Duk da haka ya yanka. Jinin bai yi tsartuwa ba, baƙi ne, ya ɗan gangaro ya tsaya.

Inna Zalika ba ta iya kallon yanka, tana bayan rumbu.

"Ya yi shure-shure?"

"Ya yi, Inna."

"Alhamdu lillahi. Allah shi yi ma albarka."

Ya wanke hannu ya fita bai kalle ta ba. Ta sa aka feɗe, ta rarraba wa maƙwabta tunda ba ta iya cinye rago ita kaɗai. Wuyan, rabon mai yanka, ta aiko masa a kwano.

Matarsa Basira ta ɗauko albasa. Ya ce ta dakata. Ta dube shi, ta dubi naman.

"Lahiya?"

Ya leƙa waje. Yana jin dakan yaji daga gida zuwa gida, hayaƙi ya fara tashi. In ya yi shiru, kafin magariba unguwa duka ta ci mushe a kan maganarsa, har da masu azumin nafila. Ya ɗauki kwanon, ya ɗauki babbar roba, ya fara da gidan Inna Zalika.

Ya durƙusa a bakin ɗakinta. "Inna, ƙarya na yi miki. Ragon ya riga wuƙa tahiya. Wuƙata ce ba ta ci ba, ni na ɓata ta wurin taya."

Ta daɗe tana juya muciya a hannu. Can ta ce, "To ka je ka hwaɗa musu da bakinka. Ni na kai musu da sunan alheri."

Haka ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, yana sallama, yana maimaita zancen. Wata ta juye masa tukunya da romonta a robar. Wata ta ce, "Ai sai ka tahi da gishirina ma." Ya haɗa komai da fatar, ya ɗora a amalanke, ya kai bayan gari ya binne.

Washegari ya je maƙera. Bawa ya juya wuƙar a haske ya ce, "Wanga zarto ne ko wuƙa?" Da ya ga Munkaila bai yi dariya ba, sai ya kama aiki. Ya gyara kaifin, sannan ya yanko guntun ƙarfen sifirin na mota kamar tsawon tafin hannu, ya daddaɓe bakinsa ya yi faɗi, ya huda gindin. Tun ranar ƙarfen ke rataye da igiya a ƙugun Munkaila. Taya da ƙusa da murfi nasa ne; wuƙa ba ta fita sai yanka. Ko igiya za a yanke, aron ta wani yake yi.

Da kaka ta zagayo ya kai wa Inna Zalika ɗan rago. Ta karɓa. Amma an daɗe mata na wuce ƙofarsa da kajinsu, su tafi har unguwar yamma wurin Umaru, mai yi wa mutanen can yanka. Shi kuma in ya hango su sai ya sunkuya yana gyara ɗaurin jaki.

Inna Zalika ce ta fara dawowa, da zakara a hammata. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta ce, "Ba ni wuƙar tukuna." Ya buɗe ya ba ta. Ta gwada kaifin a farcenta, ta mayar masa, kuma ba ta koma bayan komai ba. Ta tsaya a kansa tana kallo har zakaran ya gama bugun ƙasa.