Tukwane Huɗu a Ɗakin Sama

Wiebe Hoekstra da ruwa ya yi ta kokawa duk tsawon rayuwarsa. Shi ne mai kula da injin da ke zuƙe ruwa daga gonakin ƙauyensu a Friesland, can ƙasar Turai, tun yana saurayi har gashin kansa ya zube. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida, wanda in ya ce ba a yi ruwa ba, to ba a yi ba, ko da rigarsa na ɗiga. Da ya ajiye aiki zaman banza ya gagare shi, ga matarsa Aukje ciwon gaɓoɓi ya hana ta sakat. Sai ya share ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gidansu, ya rataya fitila, ya jera tukwane huɗu na wiwi. In sun nuna ya shanya, ya riƙa dafa mata kaɗan a madara, ta samu barci.

'Yarsu Femke, mai aikin jinya a birni, wadda ke zuwa duba su duk Lahadi, ko a jikinta game da tukwanen. Uwarta ta sa wa ido. Ranar da aka tsinci makullan gida a cikin firiji, ta ja uban gefe.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba. Amma duk ranar da mantuwar Mama ta kai inda za ta iya kashe ta a gidan nan, zan nema mata ɗaki a gidan tsofaffi. Kuma kai za ka faɗa mini da bakinka."

"Ji ta! Ke da kika taɓa baro kekenki a kasuwa kika dawo a ƙasa, wa ya kai ki gidan tsofaffi?"

Dariya ya yi, amma ba har zuci ba. Bai taɓa kwana a gidan nan ba tare da Aukje ba, kuma bai san yadda ake yi ba.

Da sanyi ya fara shigowa, ganyen ya sunkuya. Wiebe ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ya janye hannu gaba ɗaya, duk da haka kullum sai sun fi jiya sunkuyawa, na ƙasa har sun fara rawaya. Dole ya haɗiye girman kai ya kira amininsa Harm, wanda ya tsufa yana noman tumatir a gidan gilashi.

Harm ya iso saman yana haki. Matakalar ɗakin siririya ce, miƙe kamar tsani.

"Kai, wannan matakalar taku ai sai akuya."

"Rage cin cuku ka gani ko ba ta faɗaɗa ba. Duba mini su, na ce."

Harm ya murza ganye ɗaya tsakanin yatsunsa. "Wanda ƙishi ya kama yaushi yake yi, ya zama kamar tsumma. Wannan taɓa ka ji, ya cika tam, lanƙwashewa kawai ya yi." Ya ɗaga tukunya, ya ajiye da nishi. Ya cusa yatsa a ƙasar, ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Saiwar ta fara ruɓewa. Mutumina, nutsar da su ka yi! Ashe duk ruwan da ka kwashe wa garin nan tarawa ka yi ka kawo gida."

"Rabona da ba su ruwa tun makon jiya."

"To fatalwa ce ke shayar maka da su."

Harm ya fara dariya, sai ya katse, ya dubi matakalar. Daga ƙasa ana jin Aukje tana jera kofuna tana 'yar waƙarta. Suka sauka, aka sha kofi, kowa ya ɗauki biskit ɗinsa ɗaya aka rufe gwangwani. Sai a bakin ƙofa Harm ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Tsoho, ka kira 'yar nan taka."

"Ka gaida gida," in ji Wiebe.

Ya ɓoye butar ban ruwa a bayan garejin keke. Tukwanen ba su rage nauyi ba. Ya yi tunanin sa wa ƙofar kwaɗo, sai ya hango Aukje tsaye a kan matakala ta ƙarshe tana fizgar ƙofa, babu komai a bayanta, ya fasa. Wata rana da hantsi ya ce mata zai je sayen burodi, ya lallaɓa ya hau, ya zauna a kan akwati a bayan ƙofa.

Bai daɗe ba matakalar ta fara ƙara. A hankali take hawa, butar shayi a hannu ɗaya, ɗayan yana laluben bango. Ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana tsiyaya musu tana lallashinsu, ta juya ta sauka, ba ta ko gan shi ba. Kafin ruwan ya gama nutsewa a ƙasar, matakalar ta sake ƙara. Wannan karon ta gan shi.

"Wiebe, kai dai ba ka da tausayi. Dubi yadda suka sunkuya. Yau ko ɗigo ba wanda ya ba su."

"Yanzu kika ba su, Aukje."

"Ni? Da waɗannan gwiwoyin? Rabona da hawa nan har na manta."

Ya karɓi butar daga hannunta. Iya sunkuyawarsu iya hawanta, iya hawanta iya sunkuyawarsu. Wiebe ya gane wannan sarai, amma da yake Wiebe ne, sai ya ɗora wa tsirran laifi. Da yamma ya sare su duka huɗun, ya kwashe tukwanen, ya cire fitilar, ya share ɗakin tas. Ya san za ta koma kwana tana juyi da ciwo. Ya zaɓi hakan, ya gaya wa kansa magana ta ƙare, kuma Femke ba sai ta ji ba.

Washegari da rana yana kicin yana yanka burodi, ɗigo ya faɗo masa a bayan hannu. Ya ɗaga kai. Silin ya yi duhu, wani ɗigon yana taruwa. Bai ji hawanta ba sam.

Ruwa yana gangarowa a matakalar, katakon ya yi santsi. Ya hau da rarrafe. Aukje na tsaye a ɗakin da babu komai, tana tsiyaya ruwa a kan zobban da gindin tukwanen ya bari a daɓe. Safarta ta jiƙe sharkaf. Tana zubawa tana ja da baya, diddigenta na kusantar bakin matakala.

"Aukje, tsaya a nan. Kada ki motsa."

Ya riƙo ƙugunta. Ta dube shi da fara'a. "Yau kam sun sha sun ƙoshi."

"Sun ƙoshi," ya ce.

Ya sauko da ita da baya da baya, yana ɗora mata ƙafa a kowace matakala da hannunsa. Ya zaunar da ita kusa da murhu, ya cire mata safar, ya goge ƙafafun, ya lulluɓe su da bargo. Sannan ya ɗauki waya, ya fita tsakar gida inda ba za ta ji ba.

"Baba? Lafiya kuwa?"

Ta taga yana hango Aukje, ta yaye bargon tana neman butar shayi.

"Femke," ya ce, "ki taho yau. Kada ki bari sai Lahadi."