Fuskar Don Nicanor

A gyara zama, a kashe rediyo, a ɗaure karnuka! Ga Doña Herminia Zárate ta layin bayan kasuwar garin Zaachila, sarauniyar shuɗi, wadda farcenta bai sake yin fari ba tun kafin a haifi rabin mutanen unguwar nan.

Tana budurwa ta koyi sana'ar a ofishin wasu masu zanen gini a birnin Oaxaca, tana kwafar taswira. Da inji ya zo aka sallame ta, sai ta kwaso ilimin ta dawo gida. Za ta haɗa ruwan magani kala biyu, ta shafa wa takarda, ta shanya a ɗaki mai duhu, ta ɗora fim ɗin kyamara, wato nagatif, ta danne da gilashi, ta miƙa wa rana. In ta wanke, hoto ya fito shuɗi kamar an tsamo shi daga ruwan baba na marina. Agogo kuwa ba ta da shi. Inuwar tukunyar fure ce ke gaya mata lokaci ya yi.

Saura kwana uku bikin tunawa da mamata na shekara-shekara, Doña Eufrosina ta zo da fim ɗaya tilo na mijinta Don Nicanor, wanda ya rasu a damina. Shekararsa ta farko ke nan, dole fuskarsa ta hau teburin furannin da ake kafa wa mamata a gida.

"Comadre, aminiyata, shi kaɗai gare ni. Ki fito min da shi yadda na san shi."

Hoto ya fito, amma fuskar marigayi duk tsaki-tsaki, kamar ƙyanda ta bi shi har kabari. Doña Herminia ta sake. Haka dai. Ta canza buroshi, ta tace maganin da ƙyalle, ta rage shafi, ta bar takarda ta bushe ƙayau. Na huɗu ma da ƙyandarsa. Takarda mai kyau saura biyu, kuma kwana ɗaya ya tafi.

"Ko dai idonki ne ya gaji, tsohuwa?" in ji mijinta Don Cleofas, yana kishingiɗe yana ɓare gyaɗa.

"Idon da ya kalle ka ya ce ka yi? Ai tun can yake da matsala."

Da wata ce, da tuni ta ɗora wa magani laifi, ko aljanu. Ita kuwa sai ta koma farko, ta bi aikin taki-taki, daga kwalba zuwa buroshi, daga buroshi zuwa ɗakin shanya. Can ta ja yatsa a kan katako. Ya taso fari fat. Ta leƙa bayan ƙofa, ga buhu a buɗe.

"Cleofas! Mene ne wannan?"

"Farar ƙasar da zan shafa wa kabarin su Baba mana. Kowa ya shafe nasa, mu kaɗai za a bari a yi wa dariya?"

"Shi ne ka rasa inda za ka kwaɓa ta sai nan?"

"To kaji ba sa shiga nan."

"Kaji ba sa shiga, amma jaki ya shiga!"

Ashe ƙurar ce ke sauka a kan ɗanyar takarda, ita kuma farar ƙasa abokiyar gabar shuɗi ce, duk inda ta taɓa sai ta cinye. Doña Herminia ba ta tsaya jan magana ba. Ta shafa sabuwar takarda, ta shanya ta cikin kabad tsakanin kayan zuwa coci, ta matsa lemon tsami a ruwan wanki. Inuwa na kaiwa bakin dakali ta janye gilashi.

Don Nicanor ya taso daga cikin ruwa sumul, gashin bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Doña Eufrosina ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa kusa da goshinsa ba ta taɓa ba.

"Har da tabon da alfadari ya yi masa," ta ce.

Ni dai da nake maƙwabcinsu na kasa haƙuri. Na ce, "Doña Herminia, wallahi ke ba mutum ba ce! Ya kamata a kafa gunkinki a tsakiyar dandali, gwamna ya zo ya yanka ƙyalle!"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Matsa, kana tare min rana."